Ranar da Na Sa Yaya Idi Na Biyar

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo tsakanin gidana da gidan wana, marigayi Yaya Idi, kuma na san ta shiga kunnen kowannenku, ko da yake ba wanda ya taɓa samun ƙarfin halin faɗa mini ita ido da ido. Cewa ake ni na hana shi zuwa ya kama kokawa da Barmo, kuma wai hassada ce ta sa. Rabin maganar gaskiya ne, ni na hana shi. Ɗaya rabin shi ya sa na zauna rubuta wannan da idona da ya fara hazo, domin ku 'ya'yana da ku 'ya'yansa ku daina duban juna a kaikaice idan an haɗu wajen suna ko biki.

A shekarun nan, saura 'yan shekaru a sami mulkin kai, ni tela ne. Rumfata tana dab da shingen kwastan na Jibiya, inda motocin gyaɗa da suka fito daga Maraɗi suke jeruwa su jira a duba takardunsu. Direbobi, fatake, masu jakai, duk wanda jira ya gundura, a rumfata yake zama. Ba kyawun ɗinkina ne ke kawo su ba, gardama ce. Ni kuwa Allah ya yi ni da son gardama, har Innarmu takan ce da a ce ana sayar da baki a kasuwa da tuni na gina soro. Gardamar kuwa kullum guda ce: 'yan kokawarmu na ɓangaren Ingilishi da nasu na ɓangaren Faransi, su wa suka fi? Mutanen can su ce namu manoma ne da ke wasa bayan girbi, namu su ce na can tsawo ne kawai ba ƙashi. Sai a shiga jera sunaye, wane ya ka da wane, wane kuma ya ka da wanda ya ka da wane, har a kira la'asar ba a gama ba. Abin da ya bambanta ni da sauran masu hayaniyar shi ne, duk mako nakan hau mota in kai ɗinkakkun riguna kasuwar Maraɗi, idan na gama ciniki in tsaya in kalli kokawarsu. Saboda haka na ga nan, na ga can.

Yaya Idi ya girme ni da shekara huɗu. Gajere ne mai kauri, shi ya sa makaɗa suka sa masa Turmi. Tun daga Jibiya har garin Kusa har ƙauyukan da ke kewaye, babu wanda ya taɓa kai bayansa ƙasa, kuma kirarinsa ke nan: Turmi, bayanka bai san ƙasa ba. Yana da kamu guda ɗaya da ya fi kowa iya shi. Idan an riƙe ana ture-ture, sai ka ga ya sulale ya faɗa kan gwiwar dama, ya dafa ƙasa da hannun hagu, ya sunkuci ƙafar mutum ya miƙe da shi. Kafin ka ƙifta ido mutum yana kwance yana kallon sama. Na ga wannan kamu ya fi sau a ƙirga, kuma duk ganin sai tsigar jikina ta tashi. Ni nake ɗinka masa banten da yake ɗaurawa a ƙarƙashin warki, ni nake riƙe masa riga idan ya shiga fili. Ku rubuta wannan ku ajiye: ban taɓa son wani ɗan kokawa kamar yadda na so shi ba.

To amma ga inda matsalar take. A wajenmu, ba a cewa an ka da mutum sai bayansa, ko haƙarƙarinsa, ko mazauninsa ya taɓa ƙasa. A filayen da nake kallo a can kuwa, da zarar gwiwa da hannu sun sauka tare, an gama, kaye ne. Kalma ɗaya ce, kaye, da su da mu duk ita muke faɗa, amma abin da muke nufi ya bambanta, kuma mutanenmu sun shekara suna gardama da direbobin can ba su taɓa tsayawa sun tambayi abin da kowa ke nufi ba.

Shekarar da nake ba ku labari, bayan an gama girbi, saƙo ya zo daga hayin iyaka cewa za a yi babbar kokawa a wani gari gaba da Ɗan Isa. Suna da gwarzonsu, Barmo, wanda ya gagari kowa a can, sun ce mu aiko da mutum ɗaya da muka yarda shi ne na ɗayanmu ya kama da shi. A filinsu za a yi, don haka dokarsu za a bi. Garin Jibiya ya ɗauka gaba ɗaya: Turmi zai je. Ba wanda ya ma kawo wani suna, sai ni da bakina.

Akwai wani Mamman, mutumin Daddara, dogo mai sanyin magana. Ya yi rani uku yana cin rani a ƙasar Faransi, yana kokawa a can. Sau uku ana ka da shi, kuma bai ɓoye ba, shi ya sa 'yan gari suke masa ba'a suna kiransa Sha-ƙasa. Amma ni na ga waɗanda suka ka da shi, na kuma ga waɗanda ya kayar. Har akwai wani ƙato da ya taɓa wahalar da Barmo kansa, Mamman ya ɗaga shi ya nana da ƙasa a gabana. Za ku ce, to me ya hana a haɗa Mamman da Yaya Idi su kama a huta da gardama? Ba ya yiwuwa. Ubangidansu ɗaya, Baba Nomau, Sarkin Kokawa na lokacin. Shi ya koyar da su, ƙwarya ɗaya suka sha magani a hannunsa, kuma 'yan gida ɗaya ba sa kamawa, ko da wasa. Saboda haka ba yadda za a raba su a fili, sai dai a baki.

Ranar da na fara furta sunan Mamman a rumfata, wani mahauci da ke zaune ya kusa jifana da takalmi.

"Sule, kai ko kana da hankali? Wanda bai taɓa hwaɗuwa ba, da wanda anka kayar sau ukku, har akwai abin gardama?"

Na ce masa, "Ba nawa ka kayar nika tambaya ba. Wa ka kayar? Jera mani mutum ukku cikin waɗanda Turmi ya kayar da za su iya tsayawa filin Maraɗi su kai la'asar."

Aka taso mini gaba ɗaya. Wani direban can yana gefe yana ta dariya yana cewa yau ga Ingilishi na cin junansu. Kafin magariba maganar ta riga ni isa gida.

Gida ɗaya muke da Yaya Idi a lokacin, sashensa da nawa, ɗakin Inna a tsakiya. Na tarar da shi zaune a kan turmi a tsakar gida yana wanke ƙafa. Bai yi fushi ba tukuna, dariya ma yake.

"An ce yau ka sai da ni bakin kwastan. Nawa sunka ba ka?"

Na durƙusa gabansa na faɗa masa komai game da dokar can. Na ce, "Yaya, kamunka na gwiwa, can kaye ne. Kana sauka za a buga ganga a ɗauki Barmo a kahwaɗa, kai ko kana riƙe da ƙahwatai."

Ya ce, "To sai in bar durƙuson. Ƙarhina a gwiwa yake?"

Inna tana tankaɗe a ƙofar ɗakinta, ta ce, "Ka ji ko, sarkin baki? Ya ce ya bari. Sai ka tashi ka ba mutane wuri."

Na yarda, amma da sharaɗi. Ranar Lahadi, ranar kasuwar Jibiya, akwai kokawa da yamma. Na ce ya ka da duk wanda ya fito masa ba tare da gwiwarsa ta sauka ba, ni kuwa in koma rumfa in ce na yi ƙarya, in sa shi na ɗaya da bakina. Ya miƙo hannu muka tafa.

Ranar Lahadi wani saurayi daga Kusa ya fito masa, mai taurin kai. Aka riƙe. Yaya Idi ya yi ta ƙoƙarin ka da shi daga tsaye, ya gwada ta dama, ya gwada ta hagu, yaron ya ƙi. Makaɗa suka matsa kiɗa, mutane suka fara kiran Turmi, Turmi. Ina kallon fuskarsa lokacin da ya manta da ni, ya manta da alkawari. Jikinsa ne ya yi abin da ya saba tun yana ɗan shekara goma sha biyar: gwiwa ta sauka, hannu ya dafa, yaro ya tashi sama ya dawo ƙasa. Fili ya kaure da sowa. Ni kaɗai ne a wurin ban yi sowa ba, ina tsaye rungume da rigarsa, idona a kan ƙurar da ta manne a gwiwarsa ta dama. Da ya zo karɓar rigar na nuna masa gwiwar da ido. Ya kakkaɓe ta da hannu, ya ce ai wannan filin gida ne, a can ba zai yi ba.

Bayan kwana biyu Baba Nomau ya tara dattawan kokawa a zaurensa bayan azahar. Yaya Idi na zaune a damansa, Mamman na can bakin ƙofa kansa a sunkuye. Aka aika aka kira ni daga kan keken ɗinki. Tsohon ya dube ni ya ce:

"Sule, dukkanmu nan gehe guda munka gani. Kai ka ga nan, ka ga can. Ban tambaye ka wa kake so ba. Haɗa namu da nasu ka jera mani su, tsakaninka da Allah, in a hilinsu za a kama."

Ina iya cewa ban sani ba, in koma ɗinkina, kowa ya zauna lafiya. Amma na hango Yaya Idi durƙushe a gaban dubban mutane a ƙasar da ba tasa ba, ana masa dariya, kirarin da ya shekara goma yana ginawa ya rushe kafin a gama gyara ganga. Kuma an ce tsakanina da Allah. Sai na jera. Na ce Barmo ne na ɗaya. Na kira wasu biyu na can, na biyu da na uku. Na ce Mamman na huɗu.

Yaya Idi ya ɗago kai ya dube ni.

"Ni hwa?"

Na ce, "Na biyar, Yaya."

"Na biyar," ya maimaita a hankali, kamar yana ɗanɗana kalmar. "Ciki ɗaya munka hito, Sule. Na biyar."

Ya tashi ya sa takalminsa ya fita. Baba Nomau ya yanke cewa Mamman ne zai je.

Da a ce labarin nan irin wanda ake ƙirƙira ne, da sai in ce muku Mamman ya je ya ka da Barmo, aka dawo ana ɗauke da ni a kafaɗa. Ba haka aka yi ba. Mun cika mota biyu muka je. Mamman ya kama da Barmo kamu mai tsawo, irin wanda mutanen can suka ce ba su taɓa ganin an yi wa gwarzonsu ba, har sau biyu ana raba su su sha ruwa. A ƙarshe Barmo ya samu ƙugunsa ya kai shi ƙasa. Mutanen can sun yaba, sun yi masa kyauta. Amma a cikin motar dawowa babu mai maganar yabo. Magana ɗaya ce tun daga can har shingen kwastan: da Turmi ne ya je, da ba haka ba. Kuma wa zai ƙaryata su? Wanda bai je ba, ba a ka da shi ba.

Daga nan na fara biyan kuɗin bakina, kuma ba da kuɗi aka biya ba. Rumfata ta zama kango, masu zuwa gardama suka koma gindin wata bedi, wato darbejiya, a hayin titi, ina jiyo su suna ce mini Na-biyar. Wannan bai dame ni sosai ba. Abin da ya dame ni shi ne na gida. Yaya Idi ya sa aka kafa zana ta raba tsakar gidanmu biyu, ya huda wata ƙofa ta bayan sashensa. Ya kwashe ɗinkinsa ya kai wa wani tela. Idan na gaishe shi a masallaci sai ya amsa wa bango. Matata Hajara da matarsa, waɗanda a da tukunya ɗaya suke ɗorawa, sai suka koma miƙa wa juna gishiri ta saman zana a ɓoye. Inna kuwa ta zama mai cin tuwo biyu, ta ci loma uku a nan, ta zaga ta ci uku a can, don kada wani ya ce ta zaɓi ɗaya.

Wata rana da hantsi ta zo har rumfata, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta zauna a kan bencin da ba kowa.

"Sule, ka tahi ka ce mashi kuskure ka yi. Ko na baki ne. Mi zai rage ka?"

Na je. Na tsaya a sabuwar ƙofarsa na yi sallama, na durƙusa na ce ya yafe mini zafin da na sa masa, na ce ban yi don in wulaƙanta shi ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce:

"Na nawa nike?"

Na san abin da Inna take so in ce. Kalma ɗaya ce, kuma tana kan harshena. Amma idan na ce na ɗaya, to na yarda ke nan cewa hassada ce ta sa na faɗi abin da na faɗa a zaure, na kuma yi wa Mamman ƙarya, mutumin da ya je ya sha wahala da sunanmu. Na ce, "Yaya, komi ka ce in yi zan yi, amma wanga ba ni iya canza shi." Ya juya ya shige.

Inna ta rasu a shekara ta huɗu, zanar nan tana tsaye. Ni da shi muka ɗauki makara, shi a gaba ni a baya, ba mu ce wa juna uffan ba. Ba zan ɓoye muku ba, wannan shi ne abin da har yau yake ci na. Ban yi nadamar jerin da na yi ba, amma na yi kukan abin da ya jawo wa tsohuwar nan, kuma har yanzu idan na tuna ta zaune a kan bencin nan sai in ajiye abin da ke hannuna.

Sai a shekara ta bakwai, ranar sunan babbar 'yata, ya shigo ta tsohuwar ƙofa ya zauna cikin mutane kamar jiya ya fita. Aka cire zana. Muka koma gaisawa, muka koma cin abinci tare, muka aurar da ku tare. Amma kokawa, ko sunanta ba mu ƙara kira a gaban juna ba, har gemunmu ya yi fari.

Shekara biyu kafin rasuwarsa ciwon gwiwa ya kwantar da shi, gwiwar nan dai ta dama. Kullum da safe nakan je in zauna da shi a zaure in shafa masa man zafi. Wata safiya ina cikin shafawa, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Ka tuna bayan kokawar Barmo da sati biyu, na ce zan tahi sayen jaki?"

Na ce na tuna, kuma na tuna bai dawo da jaki ba.

"Ba jaki na je saye ba. Wani ƙauye na tahi can cikin Faransi, inda ba a san ni ba. Na ce sunana Garba. Na shiga hili. Wani siriri ya hito mani, wallahi Sule da hannu ɗaya nika iya ɗaga shi. Na ce ma kaina ba ni durƙusawa. Munka riƙe, munka riƙe, kiɗa ya yi daɗi." Ya nuna gwiwar. "Ban san sa'ad da ta sauka ba. Sai ji na yi an buga ganga. Mutane sunka zo suna ɓamɓare hannuna daga ƙahwar yaron don su ɗauke shi a kahwaɗa. Ni ko ina ta ce masu ku bari, ba mu gama ba."

Hannuna ya tsaya a kan gwiwarsa. Na ce, "Sati biyu, Yaya? Tun sati biyu ka sani? Ka bar mu shekara bakwai? Ka bar Inna ta tahi a haka?"

Hawaye ya gangaro masa ya shige cikin gemu. Ya ce, "Da ƙarya ka yi mani, da na yahe maka tun ran nan. Gaskiya ka hwaɗi, ban san inda zan sa ta ba."

Ya ce kada in faɗa wa kowa yana raye, bayan ransa in yi yadda na ga dama. Na ci gaba da shafa man. Can sai ya gyara murya, ya harare ni ta gefen ido kamar yadda yake yi muna yara.

"To yanzu da Barmo ya mutu, Mamman ya mutu, na nawa nike?"

Na ce, "Na biyar, Yaya."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ɗauki sandarsa ya ɗan buga mini a ƙafa, ya ce, "Ɗan banza. Kai dai ba ka gyaruwa."

Wannan shi ne abin da ya faru, ban ƙara ba ban rage ba. Ku 'ya'yana, duk wanda ya ce muku ubanku ya sayar da wansa, ku ba shi wannan ya karanta. Ku kuma 'ya'yan Yaya, kada wanda ya sauke kirarin ubansa saboda abin da na rubuta. Idan kun ji tsofaffi na cewa Turmi bayansa bai san ƙasa ba, ku amsa da ƙarfi, domin gaskiya ne. Ni na riƙe masa riga shekara goma, ni na wanke shi ranar da ya rasu, kuma a ranar ne kaɗai na ga an kwantar da bayan nan a ƙasa.